Wa Zai Binne Baba Barka?

Akwai wani tsoho a garin Sabha na ƙasar Libiya da ake kira Baba Barka. Mutumin Dogon Dutsi ne, kuma Kirista. Tun da ƙarfinsa ya shiga Libiya aikin kuku, har tsufa ya cim masa a wani ɗan ɗaki a unguwar Mahdiya.

A shekarun da aka buɗe wa baƙar fata ƙofa, ana ta cewa Afirka duk ɗaya ce, manyan motoci suka riƙa zubo mutane daga Agadas. Wasu su sauka da ƙafarsu, wasu a sauke su kamar buhu. Waɗanda ƙishirwa ta busar, ɗakin Baba Barka ake kai su. Da cokali yake ɗiga musu ruwa, ya wanke su, ya dama musu kunu. Bai taɓa tambayar kowa addininsa ba.

Shi kuwa duniya ba ta raga masa ba. Matarsa ta rasu a gida bai samu zuwa ba. Ɗansa tilo ya wuce Turabulus zai tsallaka teku, shiru kake ji. Duk da haka kowace Lahadi sai ka jiyo shi yana waƙar sujada shi kaɗai, da muryar nan tasa da ko kaɗan ba ta da daɗi.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi wuya. Kiristocin da ya sani duk sun watse. Salissou, wani direba da tsohon ya taɓa jinya, ya zo ya durƙusa gefen tabarmarsa.

"Baba, ka san yadda ake yi da gawar baƙon da ba shi da kowa," in ji Salissou. "A jefa ta firijin asibiti, ta yi watanni, sannan a turbuɗe ta ba addu'a. Ka yi kalmar shahada, ko a baki ne. Mu yi maka wanka, mu sallace ka, mu kai ka maƙabartarmu."

Jama'a, firijin nan shi ne abin da Baba Barka ya fi tsoro a duniya. Ya sha shiga neman gawar wani, ya ga yadda ake jibge bayin Allah. Tsoho ya yi kuka har gemunsa ya jiƙe.

"Ina jin tsoro, ɗana, ba zan ɓoye maka ba," ya ce. "Amma Yesu bai sake ni ba ranar da na rasa kowa. Yanzu a bakin ƙofa zan sake shi? Kuma in na faɗa a baki kawai, ƙarya za ku jera sahu ku sallata. Ba zan yi maka haka ba."

Salissou ya tashi ya tafi. Kashegari ya rage buhunan makaroni daga lodinsa, ya shimfiɗa katifa a bayan motarsa, gefen fasinjoji. Ya ce ko ta halin ƙaƙa sai ya kai tsohon gida wurin 'yan'uwansa.

Ina! Bayan sun wuce garin Gatrun, da rana tsaka, numfashin ya fara sarƙewa. Aka tsaya, aka sauke shi a inuwar mota. Bakinsa na motsi yana son yin addu'a, kalma ta ƙi fita. Idonsa sai yawo yake a kan fuskokin fasinjoji.

Salissou ya miƙe. "Don girman Allah, akwai Kirista a motar nan?"

Fasinjoji suka kalli juna. Salissou ya sake tambaya.

Sai wata mata mai sayar da abinci a unguwar Jadid ta Sabha, wadda kowa ya sani da Zénabou, ta ratso mutane tana kuka.

"Sunana Mariam," ta ce. "Tun da na shigo ƙasar nan nake ɓoyewa don tsoro. Ko gaishe shi ba na yi, kada a gane ni."

Ta durƙusa, ta riƙe hannunsa, ta fara addu'ar da Kiristoci ke yi tun suna yara. Tsohon ya daina waige-waige. Da ta kai ƙarshe, a hankali ya ce, "Amin." Daga nan rai ya yi halinsa.

Mazan motar, Musulmi dukansu, suka haƙa kabari da shebur da hannuwa. Mariam ta ɗaure sanduna biyu da bakin gyalenta ta kafa alamar gicciye. Salissou ne ya shiga ramin ya karɓe shi.

Darasi: Kada tsoro ya sa ka sayar da imaninka a ranar ƙarshe, bayan ka riƙe shi tsawon rai. Wanda ya tsaya a kan gaskiya Allah ba ya barinsa shi kaɗai, kuma tsayuwarsa takan ba wani ƙarfin fitowa fili. Ku tura wa wanda wahala ta kusa sa shi ya sare.