Shekarau da Dutsen Bayan Teku

Ku matso kusa da wuta, yara. Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu sha labari!

An yi wani gari, ana ce masa Kwarin Baba. Ganuwa ta kewaye shi, ƙofarsa ɗaya tak, mai tsaronta kuwa wani dattijo ne, sunansa Shekarau. Mutanen garin suna noman gero su ci, suna noman baba su rina tufafinsu.

Ran nan sai ga Kurege. Ya ce wa mutane, "Shuɗin yadinku babu irinsa a duniya, amma kun kulle shi a bayan ganuwa. Ku fasa ƙofa gabas."

Aka fasa. Raƙuma suka shigo da gishiri da dabino.

Ya ce, "Ku fasa yamma." Aka fasa. Jakuna suka shigo da goro.

Ya ce, "Ku fasa arewa." Aka fasa. Sai ga shinkafa fara fat, wadda aka ce daga bayan teku take. Shekarau ya ɗebi ƙwayarta a tafin hannu, ya daɗe yana kallo.

Kowane kaya ya shigo, Kurege yana ɗibar rabonsa. Sai ya ƙara cewa, "Me ya sa kuke wahalar noman gero? Yadi ɗaya yana kawo muku abincin wata guda. Ku shuka baba kawai."

Suka tuge gero, suka shuka baba har bakin rafi. Shekara uku garin yana cikin daula. Rumbuna suka zama wurin kwanan kaji.

A shekara ta huɗu, ayari bai zo ba. Wata ɗaya shiru, wata biyu shiru. Ga yadi jibge a kowane zaure, amma ba a cin yadi. Matar Shekarau, Tabawa, ta kife tukunya a gabansa ta ce, "Malam, ruwan sama bai yi mana rowa ba, fara ba ta sauka ba, ba a kawo mana yaƙi ba. To wannan yunwa daga ina?"

Shekarau ya ce, "Zan je in gano."

Ya ɗauki sandarsa. Tafiya, tafiya, sai ya iske Raƙumi a durƙushe.

"Raƙumi, Raƙumi, me ya hana ka zuwa?"

"Ba laifina ba ne. Jiragen kogi ne ba su kawo kaya ba. Tambayi Dorina."

Tafiya, tafiya, ya isa babban kogi. Jirage a ɗaure, masu tuƙi sun yi tagumi.

"Dorina, Dorina, me ya hana jirage tafiya?"

"Ba laifinsu ba ne. Manyan jiragen teku ne ba su iso ba. Tambayi Uwar Kifaye."

Tafiya, tafiya, har ƙasa ta ƙare. Yara, Shekarau bai taɓa ganin ruwan da ya fi rafin garinsu faɗi ba sai a wannan tafiya. Ya duba gaba, ruwa. Ya duba dama da hagu, ruwa, har inda sama ta sauko ta taɓa shi. Ya zauna a kan rairayi yana cewa, "Allah mai iko!"

Sai ruwan ya tsage. Wata kifanya ta ɗago, bayanta ya fi kasuwar Kwarin Baba faɗi, idonta kamar bakin rijiya.

Shekarau ya ce, "Uwar Kifaye, me ya hana jirage zuwa?"

Ta ce, "A can ƙetare, tafiyar kwana arba'in, wani dutse ya yi aman wuta. Toka ta rufe rana, ta binne gonakin shinkafa. Mutanen da ke ɗaura yadinku yanzu ganye suke ci. Ba su da abin aiko muku, ba su da halin sayen naku."

Shekarau ya riƙe baki. Ya ce, "Dutsen da ban taɓa gani ba, a ƙasar da ban san sunanta ba, shi ya kife tukunyar matata?"

Ta ce, "Shekara uku gonakin da ba ka taɓa gani ba suna cika ta, ba ka zo ka tambaye ni ba." Ta nutse, ruwa ya rufe.

Ya juyo gida ta hanyar kudu. A can ya ratsa ƙauyukan da rumbunansu ke cike da dawa, amma tufafinsu duk sun yage. Ya ba su labarin yadin Kwarin Baba.

Da ya iso, sai ya tarar an toshe ƙofa uku, magina suna jera tubali a ta huɗu, suna shafa farar ƙasa. Kurege ne a kan ganuwa yana ihu, don kada a tuna da shawararsa: "Ƙofofi ne suka kawo yunwa! A toshe, a danƙa mini ajiyar ɗan abincin da ya rage!"

Shekarau ya tsaya a tsakiyar ƙofa ya ce, "Sai dai ku gina da ni. Ba ƙofa ce ta tuge geronmu ba, hannunmu ne. In kun toshe, ranar da damina ta juya mana baya, ta ina taimako zai shigo?"

Ana cikin gardama, ƙura ta tashi daga kudu. Jakunan ƙauyukan nan ne, ɗauke da dawa da irin gero, sun zo musaya da yadi. Mata suka rangaɗa guɗa. Kurege ya ga idanun mutane sun dawo kansa, ya kutsa ta tsakanin tubali ya gudu, ɗanyar farar ƙasa ta goge masa haƙarƙari. Shi ya sa har yau yake da farin layi a gefe, kuma yana hango mutum sai rami.

Da damina ta faɗi, suka raba kowace gona biyu, gero da baba. Suka sake buɗe ƙofofin nan duka.

To yara, garin da ya buɗe ƙofa zai sha daɗin duniya, zai kuma ji zafinta. Ku bar ƙofa a buɗe, amma kada ku yarda rumbu ya zama wayam.

Ƙurunƙus kan kurege, ta ƙare a bakin ganuwa.