Ƙaramin Firij ɗin Mama Nolusapho

Jama'ar wannan shafi, labarin yau ba na dariya ba ne. Ni kaina har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

Akwai wani mutum a unguwarmu ta Mdantsane, nan Afirka ta Kudu, sunansa Mawande. Yana aiki a wani kamfanin haɗa motoci, yana zaune da mahaifiyarsa, Mama Nolusapho, a gidan da marigayi mahaifinsa ya bari. Yayarsa Bulelwa tana aure a Cape Town, sai ƙarshen shekara take leƙowa.

Mama tana da ciwon sukari, safe da yamma take yi wa kanta allura. Maganin nan ba ya son zafi, ba ya kuma son ƙanƙara. Shi ya sa kafin mijinta ya rasu ya saya mata wani ƙaramin firij da tsayinsa bai wuce ƙugun mutum ba, ya ajiye mata a gefen gado.

Idonta ya yi rauni, amma kanta ras yake. Ita ke jan matan coci addu'ar ranar Alhamis, ita ke kula da lambun kabejinta a bayan gida, kuma ba ta taɓa tsallake allura ba. Abin da ta fi alfahari da shi ke nan, cewa ba wanda ke riƙe ta.

Shi kuwa Mawande sai ya shiga ƙungiyar masu dafa giya a gida. Gareji ya cika da tukwane da bokitai. Kada in yi masa sharri, ba mashayin da ake tsinta a kwata ba ne. Ciwonsa ɗaya: son a yaba masa.

Wata Asabar suka taru a gidan abokinsa Thembelani. Shi wannan ya huda saman firij ɗinsa ya kafa famfo, tulun ƙarfe na giya yana ciki, sai dai a murɗa kawai ta zubo da sanyinta.

Thembelani ya dube shi ya ce, "Kai har yanzu kana nan kana wanke kwalabe kamar mai tsintar bola? Wata mai zuwa a gidanka za mu taru fa. Ko mu zo da buroshinmu mu taya ka?"

Aka kwashe da dariya. Mawande ma ya yi dariyar, amma ta ciki na ciki.

Da ya koma gida ya shiga gaida Mama, idonsa ya sauka a kan firij ɗinta. Ya je ya ɗauko tef ya auna. Tulun zai shige daidai wa daida.

Mama ta ce, "Lafiya kake auna mini kaya, ko tela ka koma?"

"Mama, aron firij ɗin nan zan yi. Kwalabe biyu kacal kike sawa a ciki, ga babban firij can a kicin."

"Aron da ake hudawa? Na ji abin da kuke yi. Babanka ya saya mini shi, Mawande."

"Haba Mama, firij ai firij ne. Zan saya miki sabo ma wanda ya fi wannan."

Sai ta ce, "In don baƙinka ne, bari in jiƙa dawa in dafa muku umqombothi, giyar gargajiyar nan da babanka yake so. Ba ta neman sanyi."

Ya tuntsure da dariya. "Wannan kunun tsofaffin? So kike a yi da ni a gari?"

Maganar ta soke ta, amma ba ta nuna ba. Uwa ce, ta ga ɗanta ya ƙwallafa rai. Ta zuba kwalabenta a 'yar jakar leda ta miƙa masa, ta ce, "To ka ji abu ɗaya. A ƙofar babban firij za a ajiye shi, can ƙasa. Nas ta ce in ya daskare ya mutu, ko ya narke ba ya aiki."

"Na ji, Mama."

Bai ji ba. Ya riga ya sunkuya yana zare waya daga bango.

Yanzu ku ga inda abin yake ba ni haushi. Wannan mutum da bai tsaya ya saurari uwarsa ba, in kun ga haƙurin da ya yi wa firij ɗin nan sai kun riƙe baki.

An gaya masa akwai siririn bututu ɓoye a jikin firij, in injin huda ya taɓa shi iskar sanyin ta fice, shi ke nan firij ya zama akwati. Sai ya dama garin sitaci da sifirit ya shafe saman, ya kunna, ya ja kujera ya zauna yana kallo. Inda ya fara bushewa, nan bututun ya bi, saboda ɗuminsa. Ya zana layi da alƙalami, ya kauce masa.

Ya kwance kantocin ƙofa. Farantin ƙanƙarar da ke sama ya tare wa tulu hanya, ya dinga lanƙwasa shi a hankali, yana yi yana sauraro kamar mai ɗorin karaya. Ya huda, ya kafa famfo mai ƙyalli, ya ja tiyo, ya haɗa tukunyar gas. Ya shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa don kada iska ta tsira ko kaɗan.

Aiki ya yi kyau, wannan ba ƙarya.

Ranar jajibirin taro ya dawo da nama niƙi-niƙi na gashi. Babban firij ya cika maƙil, ƙofa ta ƙi rufuwa. Ya kwashe abin da ke ƙofar ya cusa duk inda ya samu. Jakar ledar Mama ta faɗa sama, cikin ɗakin ƙanƙara, kusa da kaji.

Da gari ya waye Mama ta ƙwala masa kira daga ɗaki. "Mawande, miƙo mini maganina, na duba ƙofa ban gani ba."

Ya buɗe sama ya ciro jakar. Kwalaben sun daskare kamar dutse.

"Ina zuwa, Mama!"

Ya tsoma su a ruwan ɗumi har suka narke. Ya ɗaga ɗaya a hasken taga, ya ga farin abu ya yi gudaji-gudaji ya manne a jikin kwalba. Ya girgiza, bai baje ba. Ya san abin da yake gani.

Kemis yana nan bakin tasha, da mota ba nisa. Amma sai ya faɗa mata dalili. Ga famfo tun safe kumfa yake fitarwa, bai gama daidaita gas ba, ga baƙi sun kusa. Ya ce a ransa, "Yau ɗaya dai. Ranar Litinin sai in canjo mata a asirce."

Ya goge kwalaben da tawul ya kai mata. Da idonta mai rauni ta zuƙa a sirinji ta yi allurarta, har da cewa Allah ya yi masa albarka.

Taro ya yi armashi. Hayaƙin nama ya tashi, aka sa kiɗa. Thembelani ya murɗa famfo, giya ta zubo garau da 'yar kumfarta a sama, ya kurɓa ya ce, "Kai, mutumina, na sara maka! Naka ya fi nawa." Kan Mawande ya kumbura.

Da la'asar Mama ta fito riƙe da kofi. Mazan suka miƙe suna gaishe ta.

Thembelani ya ce, "Mama, kin haifi gwani."

Ta yi murmushi ta ce, "Gwanin ya taimaka mini da ruwa, yau ƙishirwa nake ji kamar na ci gishiri."

Mawande ya cika mata kofin, bai yarda sun haɗa ido ba.

Litinin ta zo, aka riƙe shi a wurin aiki. Talata ya ga tana yawo a tsakar gida, ya ce ashe ma maganin yana aiki. Ita kuwa sai shan ruwa, sai zaryar bayi, sai barci da rana tsaka. Ta ce gajiya ce. Shi ma ya ce gajiya ce, don haka ya fi masa sauƙi.

Ranar Alhamis matan coci suka jira ta ba ta zo ba. Suka biyo sawu, suka same ta kwance a tsakanin kabejinta, ba ta san inda take ba.

A asibiti aka sha fama kafin ta farfaɗo. Bulelwa ta hau motar farko daga Cape Town. Nas ta ce a kawo maganin da take amfani da shi, Bulelwa da kanta ta je gida ta ɗauko.

Nas ta ɗaga kwalbar, kallo ɗaya ta yi mata. "Wannan ai ya daskare ya narke. Ruwa kawai take yi wa kanta. Wa ke ajiye mata magani?"

Bulelwa ta juyo ta kafe ƙanenta da ido, don ta ga abin da aka kafa a gareji, ta kuma ga gefen gadon Mama wayam.

Sai muryar Mama ta fito a hankali daga kan gado. "Ni ce. Ni na ba shi firij ɗin, na ce ya dame ni da ƙara. Ni na sa maganin a wurin ƙanƙara, na manta. Tsufa ne, 'yata."

Bulelwa ta ce, "Haka ne, Mawande?"

Jama'a, nan ne wurin. Kalma ɗaya ake nema.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni dai ban lura ba, Yaya."

Nas ta ja Bulelwa gefe ta ce tsohuwar da ta fara irin wannan mantuwa ba a barin allura a hannunta, ba a kuma barinta ita kaɗai a gida da rana. Bulelwa ta share hawaye ta yanke hukunci: Mama za ta bi ta Cape Town.

Mama ta roƙa. Ta ce lambunta, ta ce matan Alhamis, ta ce kabarin mijinta. Bulelwa ta ce, "Mama, da bakinki kika ce kin manta. Yau ƙanƙara ce, gobe wuta za ki bari a kunne." Duk wannan a gaban Mawande aka yi, yana tsaye a bakin ƙofa yana wasa da makullin mota.

Ranar tafiya, Bulelwa tana waje tana loda kaya, Mama ta kira shi ɗaki. Tana zaune a bakin gado da mayafinta a kafaɗa.

"Rufe ƙofar."

Ya rufe.

"Kwalbar da ka kawo mini ranar nan da ɗumi na ji ta a hannuna. Ban gane ba sai da nas ta yi magana. Idona ne ya mutu, Mawande, ba kaina ba."

Ya durƙusa. "Mama..."

"Tsaya. Na ɗauki laifin ne don na san yayarka, da ta ji gaskiya a ranar, kun rabu ke nan har abada. Amma na zaci in hankali ya kwanta za ka buɗe baki. Na jira a asibiti. Na jira a gida. Ko yanzu ga ta nan a waje."

Daga waje Bulelwa ta yi hon. Mawande ya dubi ƙofa, ya dubi ƙasa. Bai tashi ba.

Mama ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta dafa gado ta miƙe da kanta, ta ce, "To. Ka riƙa ba kabejin ruwa."

A Cape Town aka sa ta a ɗaki a bene na uku. Aka kulle magani a kabad, aka hana ta kunna risho, aka hana ta fita ita kaɗai. In ta faɗi magana sai jikoki su kalli juna su ce, "To, Makhulu," wato Kaka, kamar ana lallashin yaro. Matar da ke jan addu'ar unguwa guda ta koma mai zaman taga.

Mawande yana ta cewa in sun zo ƙarshen shekara zai faɗa. Ba ta kai ƙarshen shekarar ba.

Aka kawo gawarta gida. A ƙarƙashin rumfa, gaban dangi da matan coci cikin kayansu na Alhamis, Bulelwa ta tashi yin jawabi. Ta ce kowa ya san a ƙarshe kan Mama ya ɗan taɓu. Matan suka gyaɗa kai cikin tausayi.

Sai ta juyo ta ce, "Ina so in gode wa ƙanena. Shi ya zauna da ita lokacin da mantuwar ta fara, shi kaɗai, bai taɓa kawo mini ƙorafi ba. Mawande, tashi jama'a su gan ka."

Ya tashi. Aka tafa masa.

Darasi: Kada son a yaba maka ya sa ka taɓa abin da ran wani ya rataya a kai, balle na iyaye. In kuma ka yi kuskure, faɗe shi tun yana ƙarami, domin uwa za ta iya ɗaukar maka laifi, amma da mutuncinta take biya. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, wataƙila akwai wanda tasa uwar tana raye, tana jiran ya buɗe baki.