Abawar Tasalla

Dalilin da ya sa abawa ke kai da kawo a cikin saƙa, amma ba ta taɓa wuce bakin zane ba, shi za ku ji yau. Ku gyara zama. Mai ƙyalƙyala ya fita waje ya gama tukuna.

Zaren saƙa iri biyu ne. Akwai na wadari, siriri mai ƙarfi, wanda ake miƙewa daga gaban masaƙi har can nesa. Akwai kuma abawa, mai kauri da taushi, wadda ƙoshiya, ɗan katakon nan da masaƙi ke jefawa, ke ɗauka tana ratsa wadarin da ita. A da ba haka ba ne. Zare ɗaya ne, murɗaɗɗe tamau, da shi ake wadari, da shi ake ratsawa. Zane yakan fito kamar busasshiyar fata. Mace in ta ɗaura, tun daga bakin rijiya ake jin tahowarta, ƙwaram-ƙwaram. In ta kwance ta jingine shi a bango, sai ya tsaya da ƙafarsa.

A wani gari an yi wata yarinya, Tasalla, tana hannun gwaggonta Hakama. Hakama ta fi kowa iya kaɗi, kuma ba a ganin haƙorinta sai in tana cin goro. Ita kuwa Tasalla ƙafarta ba ta jin magana. Ko daka ake yi a maƙwabta, sai ka ga kafaɗarta na amsawa.

Da aka gama girbi, samari suka sa ranar kalankuwa, wasan da Tasalla ta shekara tana jira. Da safiyar ranar sai Hakama ta dire mata kwando shaƙe da auduga.

"Ki kaɗe wannan ki kai wa Barmo masaƙi. In ya karɓa, ki je rawarki. In ya dawo da shi, bana sai dai ki ji labari."

"Gwaggo, wannan ai aikin mutum uku ne."

"To ki zama uku."

Tasalla ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari. Ta fara da hankali, zare na fita siriri. Sai makaɗa suka soma gwada gangunansu a bayan katanga. Babban yatsan ƙafarta ya motsa, ta danne shi da ɗayar ƙafar. Ita ma ɗayar ta motsa. Kafin ta ankara tana tsaye, mazari na lilo, ita tana juyi, auduga na zuba a hannunta ba murɗi ba komai. Mazari ya juya sau ɗaya, ita ta juya sau biyar. Rana ba ta take tsaka ba kwando ya ƙare.

Sai da ta tsaya tana haki ta dubi abin da ta kaɗa. Ta dunƙule shi a gefen zane, ta bi ta bayan rumbu don kada Gwaggo ta gani.

Ta iske Barmo a gindin durumi, ya miƙe wadari da zaren Hakama yana ta saƙa. Ya karɓi nata ya ɗaga sama.

"'Yar nan, zare ne wannan, ko hanjin rago kika wanko min?"

Ya ɗan ja kaɗan, zaren ya rabu biyu ba ko ƙara.

"Baba, ka rufa min asiri. Ka karɓa, ko a matashi ne ka cusa."

"In karɓa Hakama ta ji? Ni ma fa tsoronta nake yi."

Bai rufe baki ba sai ga wata akuya a guje, bunsuru na biye da ita, ta faɗa tsakiyar wadari ta naɗe kanta. Barmo ya yi tsalle, hula ta yi gabas, shi ya yi yamma. Yana kwance akuya, bunsuru na tunkuyin sa ta baya.

Nan Tasalla ta yi abin da bai kamata ba, kuma kada in ji wani ya gwada. Ta zare ƙwarƙwaro, wato ɗan karan naɗa zare da ke cikin ƙoshiya, ta naɗa nata zaren a jiki, ta mayar, ta koma gefe ta naɗe hannu kamar mutuniyar kirki.

Barmo ya dawo ya zauna, idonsa na kan akuya, bakinsa na zagin kakanninta. Ƙafa na taka, hannu na jefa ƙoshiya, ganga na tashi a dandali. Can ya ji saƙar na tafiya da sauri fiye da kullum. Ya sunkuya ya duba. Ya shafa. Ya goga a kumatu, sai ya fashe da dariya har da buga cinya. Masu wucewa suka taru, kowa na miƙo kumatu. Wani tsoho ya tuɓe hula ya ce shi a goga masa a sanƙo.

Dariya ta ɗauke ɗif. Hakama ce tsaye.

Ta kama saƙar ta ja da ƙarfi. Ba ta yage ba. Ta sake ja.

"Ba ta yagewa, Hakama," in ji Barmo. "Ga taushi ga ƙarfi. Na karɓa, kuma gobe ma ina so."

"Da ƙarfin wa?" in ji ta. "Duba da kyau. Nawa ne ya riƙe shi sama da ƙasa. Cire nawa ka ga ko tsumma za ka samu."

Tasalla ta matso a hankali. "Gwaggo, ya dai karɓa."

"Na ji, ba kurma ba ce ni. Magana ɗaya nake yi, za ki je. Ɗauko min kujerata."

"Kujera kuma, Gwaggo?"

"Zarenki ya yi kyau ne don yana da baki nan da can. Ke ma haka. Barmo, tashi, kai ne ɗaya bakin."

Da la'asar Hakama ta dasa kujera a wannan gefen dandali, Barmo ya tsugunna a wancan. Tasalla ta shiga fili kamar guguwa. Ta ratsa ta gaban wannan, ta bi ta bayan waccan, ta duƙa, ta taso, 'yan mata na guɗa. In rawa ta kwaso ta har bakin fili, inda samari ke tsaye suna washe baki, sai ta haɗa ido da Gwaggo, ta juya a kan dunduniya. Ta kai can, Barmo ya yi gyaran murya, ta sake juyowa. Mutane suka zaci sabon salo ne, kowa ya kama juyi, har makaɗi ya juya ya faɗi da gangarsa. Ta yi rawa ranar har sai da ƙafa ta ce ta gaji, taku ɗaya bai fita fili ba.

Shi ya sa har yau ake kaɗa abawa sako-sako, ake murɗe zaren wadari tamau. Ku je gindin masaƙa ku gani. Abawa na ta tsalle-tsallenta sama da ƙasa, amma da ta kai zaren ƙarshe sai ta juyo da gudu, don ta san wadda ke zaune a wurin.