Faifan Sola a Bayan Gida

Akwai wani maigida mai son a gan shi, ana ce masa Baban Tabita. Mahaifiyarsa tana gidansa da ciwon suga, allurarta kuma ba ta jure zafi, sai a firji. Wutar gari kuwa ta zo yau, gobe babu. Maganin ya sha lalacewa, tsohuwa ta sha kwanciya. Sai ya ce sola zai sa.

Gidan yana kallon titi, da wani ƙaton mangwaro a ƙofa wanda inuwarsa ta lulluɓe kwanon gaba. Nan yake so a jera faifan sola, domin duk mai wucewa zuwa coci ya ɗaga kai.

Mai haɗa sola na farko ya zo, ko tsani bai kawo ba. Ya tsaya a titi ya ce, "Ranka ya daɗe, inda kake so nan ne daidai. Daga bakin kasuwa za a hango ƙyallinsa." Baban Tabita ya ji daɗi har ya gyara hula.

Na biyu ya zo, ya hau rufin, ya zagaya, ya sauko ya duba firji, ya tambayi abin da ake kunnawa a gidan. Sa'an nan ya ce, "Baba, a baya za mu sa, saman garken awaki. Can rana take wuni. Batir kuma sai mai ƙarfi."

"A baya? Wa zai gani?"

"Awaki."

Baban Tabita ya dafe ƙirji. "Jama'a ku ji! Ni, dattijon majalisar coci guda, na ƙawata wa bunsuru ɗaki?"

Mutumin ya ce, "In gaba kake so, nemi wani. Ba zan sa abin da zai bar Kaka ba magani ba."

Tsohuwa daga kan tabarmarta ta ce, "Kai, firjin nan ido gare shi da zai kalli titi?"

Ya yi ta mita, yana cewa an haɗa masa kai a cikin gidansa. Amma na biyun ya ba aikin.

Da damina ta kankama, iska ta kayar da turakun wuta, gari ya daɗe cikin duhu. Wani maƙwabci da ya ɗauki mai haɗa sola na farko, faifansa yana ƙyalli a ƙarƙashin darbejiya, ko fitila ya kasa riƙewa. Firjin Baban Tabita kuwa bai yi shiru ba. Ran Lahadi tsohuwa ta taka da ƙafarta har coci, ta yi rawa a zumuntar mata. Shi kuma yana bayanta yana ce wa mutane, "Ai da ma gwada masu solar nan nake yi!"

Ma'anar misalin nan ke nan. Rana ita ce alherin Ubangiji, faifan kuma zuciyarka ce. Titi idon mutane ne. Masu haɗa sola su ne waɗanda kake neman shawararsu: wani zai tsaya a ƙasa ya yabe ka, wani zai hau rufinka ya faɗa maka abin da ba ka so. Zaɓi na biyun, ko da kana gunaguni. Addu'ar da ka yi inda ba mai kallo, ita za ta riƙe gidanka ranar da gari ya yi duhu. Akwai masu rai a ƙarƙashin rufinka, ɗan'uwa. Juya wajen haske.