Ƙarangiya da Wandon Agali

Dalilin da ya sa ƙarangiya take manne wa mutum kamar ta san shi, shi zan gaya muku yau, tunda Ummita ta shigo tana ta tsalle wai ƙaya ta cije ta. Ba cizo ba ne fa. Ku matso ku ji.

A da can, 'ya'yan ƙarangiya sumul suke, santsi kamar gero da aka shafa wa mai. Uwarsu tana zaune can arewa cikin rairayi, inda ruwan sama yake zuwa kamar baƙo mai sauri, ya yi sallama ya wuce. To wata shekara ko sallamar ma bai yi ba. Ƙarangiya ta ga jikinta ya fara bushewa, ga yara fal a kanta. In suka zube a nan, rana za ta soye su ne, zuriya ta ƙare ke nan.

Maƙwabciyarta wata tsohuwa ce, Aduwa. Ita ko a jikinta, don saiwarta ta nutse can ƙasa tana shan ruwanta a ɓoye.

Ƙarangiya ta ce, "Iya Aduwa, ɗan sam mana ruwa mana."

"Ke 'yar nan, in hawo da shi da me? Guga kika gani a hannuna? Tura yaranki kudu kawai, can ake ruwa."

"Da wace ƙafar za su je?"

"Oho, ki nemi mai ƙafa."

Sai ga Raƙumi ya zo wucewa. Ta ce, "Baba Raƙumi, sannu da ƙoƙari. Don Allah ka rage wa yarana hanya." Ya ce su hau, ya durƙusa, suka hau. To kun san yadda raƙumi yake miƙewa ai, baya tukuna sannan gaba. Yana ɗaga baya, shuuu, rabi suka gangaro ta wuya. Yana ɗaga gaba, sauran suka sulale ta wutsiya. Shi bai ma sani ba, har ya yi nisa ana jiyo shi yana cewa, "Ku riƙe da kyau fa, yara!"

Aduwa ta yi dariya har 'ya'yanta suka riƙa faɗowa. Da ta ga Ƙarangiya tana hawaye, kuma hawayen ma ba ya fitowa don babu ruwan yinsa, sai tausayi ya kama ta. Ta ce, "Ya isa. Ina da ƙananan ƙayoyi da suka yi mini kaɗan. Zan saka wa yaran. Amma ki sani, in an saka ba a cirewa, kuma daga yau ba wanda zai ƙara son ganinku."

Ƙarangiya ta ce, "A ƙi mu muna raye ai ya fi mini. Saka musu."

Aka yi wa kowane yaro riga ta ƙaya. Uwar ta tara su ta ce, "Duk wanda ya zo, ku kama shi. Ko ya yi ihu, ko ya zage ku, ko ya zage ni, kada ku sake shi sai kun ji danshin ruwa. Kun ji ko?" Suka ce sun ji.

Ba a jima ba sai ga wani falken gishiri da jakinsa, sunansa Agali, da wani ƙaton wando wanda mutum uku za su shiga su yi hira. Ya ga inuwar Aduwa, ya ce alhamdulillahi, ya zauna daɓas bai duba ba.

Kai! Irin tsallen da Agali ya yi, jakinsa ma sai da ya juyo ya kalle shi.

"Wayyo Allah! Wane ne? Me na yi muku?"

Ya ciro ɗaya daga gwiwa, ta kama yatsansa. Ya sa ɗaya hannun, ta koma can. Ya yarfe, tana nan. Don zafi sai ya kai yatsan baki ya lasa, ya sake taɓa ta. Yarinyar tana jin yawu ta ƙwala ihu, "Ruwa! Mun iso!" ta sake shi ta faɗo.

Uwar ta ce, "Ke sakarya, ba ga ni nan kusa da ke ba?"

Agali kuwa ya gano dabara. Lasa, cire, lasa, cire, har bakinsa ya bushe ƙayau. Ya duba gaba ya ga tas, ya kama hanya. Amma wandon nan faɗi gare shi, na bayan duk suna nan sun yi tsit. Haka ya yi ta tafiya yana tale ƙafa, ba ya iya zama, har ya isa wani tafki a kudu ya tsoma wandon zai wanke. Nan suka ji ruwa na gaske, suka sauka, suka tsiro, suka hayayyafa har suka cika mana gonaki.

Shi ya sa har yau ƙarangiya ba ta ganin ƙafa ta ƙyale, kuma har yau ba su bambance yawu da tafki ba. Ummita, daina ja da ƙarfi, kina ƙara mata riƙo ne. Lashi yatsanki ki gaya mata an iso.