Na'urar da Ta Suɓuce a Hannun Fusae

Akwai wani mutum a birnin Osaka na ƙasar Japan mai suna Noboru, yana da ɗan kamfanin ƙera na'urar wasan gem. Ma'aikata arba'in ke ci a ƙarƙashinsa. Kasuwa ta ja baya, kowa ya san idan sabuwar na'urarsu ta hannu ba ta karɓu ba, sai rufe ƙofa.

Shekara uku yana ɓoyonta. Mutum huɗu kaɗai ke taɓa ta, a ɗaki mai sanyi, su ma da farar safar hannu.

Yayarsa Fusae kuwa busasshen kifi take sayarwa tun rasuwar mijinta. Ba ta yi nisa a boko ba, amma ba a taɓa sayar mata da abin da ba ta juya shi a hannu ba.

Ranar tunawa da mahaifinsu, ana tsananin zafi, Noboru ya zo gidanta rungume da jaka, hannuwansa sanye da farar safa. Ko lokacin addu'a a gaban hoton tsohon nasu bai ajiye ta ba.

"Auta, jariri ne a ciki?" in ji Fusae.

"Yaya, sirrin kamfani ne. Ba naki ba ne."

"Ni da na wanke maka kashi?"

Ta fizge jakar, ta zaro na'urar. Baƙa, sumul, sai sheƙi. Ta danna sau biyu, abu ya zille daga hannunta mai gumi, tim a kan tabarma.

Noboru ya dafe ƙirji. Ita kuwa dariya har da hawaye.

"Wannan sabulu ne ko abin wasa? Cire safar nan ka riƙe mu gani."

Ya cire, ya riƙe. Minti ɗaya, shi ma ta suɓuce masa. Saura kwana goma a fara ƙera guda dubu hamsin.

"Kawo ta kasuwa gobe," in ji ta. "Hannun mutane ka ƙera wa, ba safa ba."

"Abokan hamayya za su gani!"

"Su gani mana. Sabulu za su sata?"

Washegari ya kai ta kasuwa, masu kifi da masu kayan miya suka yi ta karɓa-karɓa, ana tsiya ana shewa. Wata tsohuwa ta ce a yi wa bayan kaushi irin na ƙotar wuƙarta. Haka aka yi.

Na'ura ta fito, masu saye suka yi layi har kan titi. Babu wanda ya rasa aikinsa.

Noboru ya zo godiya da kwalin alewa. Fusae ta ture shi gefe.

"Alewa? Ɗakin cin abincin kamfaninka, kifina za a riƙa dafawa. Shekara biyar."

"Biyu, Yaya."

"Bakwai."

Ya yi maza ya amince da biyar.

Darasi: Ɓoye sirrinka daga mai son ƙwace maka, amma kada ka ɓoye shi daga mai gaya maka gaskiya. Abin da ka yi don mutane, bari hannunsu ya taɓa tun da sauran gyara. Ku tura wa wannan ɗan'uwan naku mai ƙunshe komai a jaka.