Farin Zaren Kurmi da Kunnen Tabawa

Dalilin da ya sa in kun tona gindin itace a kurmi kuke tarar da wani farin zare siriri ya nannaɗe saiwoyi, ku matso in faɗa muku. Ku daina jan sa kuma, ba na ɗinki ba ne.

A zamanin da, itatuwa da baki suke magana kamar ni da ku, sai dai ba su iya raɗa ba. In Kuka za ta gaida Gawo da ke ƙetaren rafi, sai duk kurmi ya ɗauka. Surutun yana da amfaninsa. In tsutsa ta faɗo wa Kaɗanya, sai ta yi shela, sauran su yi maza su ƙara wa ganyensu ɗaci kafin ta iso gare su. In ɗan tsiro ya ji yunwa a ƙarƙashin inuwar manya, inda rana ba ta kai masa, sai ya yi kira a miƙo masa abinci daga saiwa zuwa saiwa.

Da a nan suka tsaya da babu komai. Amma mutum yakan je gindin itace ya yi abin da ba zai yi a gaban jama'a ba, da ya ba da baya sai itatuwa su hau ba juna labari suna dariya.

A ƙauyen da ke bakin kurmin akwai wata mai daddawa, sunanta Tabawa. Neman kalwa ne yake kai ta kurmi, har ta gano cewa in ta zauna shiru a bayan wani suri, itatuwa sukan manta tana nan. Daga ranar ta riƙa dawowa gida da kalwa rabin ƙwarya, labari kuwa cike da baki. Daddawarta ba ta fi ta kowa ba, amma gidanta ya fi kowane gida ciniki, don duk wadda ta saya sai an yi mata gyara da labari guda.

Wanda abin ya fara faɗa wa shi ne Jatau maharbi. Shekara bakwai yana ba da labarin ranar da ya kori zaki shi kaɗai. Sai Tabawa ta ji Tsamiya tana gaya wa Marke cewa a kan reshenta Jatau ya wuni ranar, tun hantsi har la'asar yana salati, abin da ke gurnani a cikin ciyawa kuwa wani bunsuru ne mai tari da ya ɓata. Kafin azahar labari ya zaga ƙauye. Duk inda Jatau ya gifta sai yara su kama tari.

Da ya kai ƙara wurin Maigari Arzika, Maigari ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce ai ba a shari'a da itace.

Bayan kwana huɗu na Maigari ya fito. Shi ne ya kafa dokar kada kowa ya taɓa ɗorawa sai an yi shelar tsinka, yaron da aka kama kuwa bulala. Ashe kowace la'asar yakan ce zai je duba iyakar gonaki, sai ya lallaɓa gindin Ɗorawa, ya ɓare 'ya'yanta ya yi ta lasar garin kamar ɗan yaye, ya goge gemu da hannun riga. Ɗorawa ta gaya wa Kuka, Kuka ta gaya wa duniya, Tabawa na bayan suri.

Washegari da aka zauna fada, Maigari ya lura ba mai kallon idonsa, kowa gemunsa yake leƙe. Da ya ji dalili, sai ya tuna ashe ana shari'a da itace. Ya tara jama'a ya nufi bakin kurmi, Jatau na gaba da gatari a kafaɗa.

Ya ce, "Daga yau duk itacen da aka ƙara jin muryarsa, ko gaisuwa ce, a sare shi. Jatau ne zai sa ido."

Gawo ya buɗe baki zai ba da haƙuri, ya ga Jatau ya tofa yawu a tafin hannu, sai ya haɗiye maganarsa.

Kurmi ya yi tsit. Da farko mutane suka ji daɗi, itatuwa kuwa suka shiga uku. Da damina ta kama, tsutsa ta taso daga gabas. Kaɗanya ce ta fara ganinta, ba halin shela, tana ji tana gani tsutsar ta gama da ita ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya. 'Yan tsiron da ke cikin inuwa suka fara yaushi, ba wanda ya san wane ne ke jin yunwa. Tsamiya tana da ɗiya guda da ta fito can nesa da ita, tana hango ganyenta yana komawa rawaya, ba ta da ikon ce wa maƙwabta ku taimaka.

Wata safiya bayan an ɗauke ruwa, Kuka ta ji ana yi mata sallama ta cikin ƙafa. Ta ɗauka tsufa ne ya fara taɓa mata hankali. Aka sake sallama. Ta duba ƙasa, sai ga Naman Kaza tsaye a gindinta, ɗan mitsitsi da malafarsa. Itatuwa ba su taɓa ɗaukarsa bakin komai ba, don ba shi da ganye ko reshe, yau ya fito gobe ya ruɓe.

Ya ce mata ta amsa a zuci kawai, zai ji. Ya bayyana mata cewa malafar nan da ake gani ba ita ce shi ba, yawancin jikinsa zare ne, yana ƙarƙashin ƙasa ya bazu har ƙetaren rafi. Zai iya ɗaura bakin zaren a saiwar kowane itace, ya kai saƙo, ya kai abinci, har ruwa ya janyo musu daga inda saiwarsu ba ta kai.

Kuka ta tambayi ladansa. Ya ce shi ba ya iya dafa abinci da hasken rana kamar su, don haka duk wanda ya dafa ya ɗan gutsura masa loma.

Kuka fa akwai maƙo, ku dubi cikinta ku gani. Ta ce, "Loma kullum ta yi yawa. Zan ba ka inuwa."

Ya ce, "Iya, a cikin ƙasa nake kwana. Me zan yi da inuwa?"

Ta ce to za ta riƙa sa masa albarka. Ya ce ya gode, amma a haɗa da lomar. Suna cikin wannan ja-in-ja, sai Tsamiya, wadda ya riga ya ɗaura wa zare don ta ji yadda abin yake, ta sa baki ta ce ita ta yarda, ga lomarsa, ga kuma ta ɗiyarta ya kai mata yanzu. Cikin kwana uku ganyen ɗiyar ya miƙe. Da sauran suka gani kowa ya miƙo saiwa. Kuka ce ta ƙarshe, tana ƙunƙuni.

Jatau kuwa hannunsa na ƙaiƙayi, wata biyu bai sari kowa ba. Sai ya yi dabara. Ya tara samari ya kai su gindin Tsamiya, ya jingina gatari a jikinta, ya fara ba da labarin zaki daga farko. Wannan karon zakunan sun zama uku, ɗaya ma wai da haƙori Jatau ya kama shi. Yana faɗa yana satar kallon sama, yana jiran ta ƙaryata shi. Tsamiya ta cije. Duk abin da ya faɗa sai ta zuba shi cikin zare, Naman Kaza ya yi gaba da shi. Jim kaɗan ganyen Marke ya fara rawa, sai rassan Gawo, sai kurmi gaba ɗaya ya kama karkarwa don dariya, ga shi ko iska babu. Jatau ya ɗaga kai ya ga haka, ya ce wa samari ya tuna ya bar tarko a buɗe, ya tafi da sauri har ya manta gatarinsa.

Tabawa tana bayan suri ta ga komai. Ita ta san dariya in ta gan ta. Cinikinta ya faɗi tun da labari ya ƙare, don haka ta ce sai ta gano ta inda maganar ke bi. Ta kara kunne a jikin Tsamiya, shiru. Ta kwanta ta kara a ƙasa, shiru. Ta ɗauko gatarin Jatau ta tona, sai ga farin zare. Ta tsinko shi da murna ta cusa a kunne, ba ta lura akwai cinnaka a jiki ba. An ce ihun da ta yi ranar, shi ne ƙara mafi girma da aka ji a kurmin tun da aka kafa doka, kuma kafin ta kai gida da kumburarren kunne, labarin ya riga ya isa ƙetaren rafi ta ƙarƙashin ƙafafunta.

Shi ya sa har yau itatuwa ba sa furta ko kalma, amma suna gargaɗin juna, suna ciyar da ƙananansu ta cikin zaren nan, Naman Kaza na karɓar lomarsa. Tabawa kuwa har ta tsufa ba ta haƙura ba. Duk inda ta ga ya leƙo da malafarsa bayan ruwa, sai ta tsuguna ta gaishe shi da ladabi, ta tambaye shi ko akwai labari. Bai taɓa tanka mata ba, ita kuma in ta gaji da jira sai ta tsinke shi ta kai miya.